An cire abokina daga zauren masu ba da jini cikin dare, ni kuma ni ne sakatare

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Tudun Wada a Zariya, kuma sakataren wata ƙungiyar sa-kai ta masu ba da gudummawar jini. Ba mu da ofis, ba mai biyan mu, duk harkarmu a zauren WhatsApp take. In ana neman jini a asibitin Shika ko wani asibiti a cikin gari sai a sa sanarwa, wanda rukuninsa ya dace ya tashi ya tafi. Wanda ya kafa zauren babban yaya ne a wurinmu, ta hanyarsa ma na samu aikin da nake ci da kaina yanzu. Kwanakin baya wata mata ta turo masa saƙon murya tana kuka, ta ce ɗaya daga cikinmu ya karɓi kuɗi a hannun mijinta a kan jinin da aka ƙara wa ɗansu. A daren ya saka saƙon a zaure, ya rubuta cewa ba ma zama da masu sayar da jini, ya cire shi. Wanda aka cire abokina ne tun firamare. Ya rantse mini kuɗin mota ne, mijin ne ya cusa masa a aljihu a bakin get. Ba wanda ya tambaye shi komai. Da hayaniya ta yi yawa sai yayan ya kulle zauren, admin kaɗai ke iya magana. Yanzu mun rabu biyu, wasu na shirin buɗe nasu zauren, kuma shekaranjiya an kwana ana neman jini ba a samu ba. Wannan ba shi ne karo na farko da aka cire mutum haka ba. In na yi magana za a ce na butulce ko ina kare abokina, in na yi shiru zuciyata ba ta kwanta. Ina so a gyara yadda muke raba rigima. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwanku daga Tudun Wada

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya saka muku da alheri, kai da yayanku da abokinka, da duk wanda ya taɓa miƙa hannunsa aka ɗebi jininsa saboda wani bawan Allah da bai sani ba.

A duk wasiƙarka abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinin da aka kwana ana nema. Wanda ya taɓa tsayawa a barandar asibiti da takardar ɗakin gwaji a hannu, matarsa na ciki jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya har cajin wayarsa ya ƙare, shi ya san tsawon dare guda. Don haka kafin maganar gyaran tsari, kafin ma maganar abokinka, wannan za ka fara toshewa, kuma yau. Jerin sunaye da rukunin jinin kowa yana hannunka. Duk neman da ya shigo kada ka jira zaure, ɗauki waya ka kira mutane kai tsaye, har da waɗanda suka yi fushi, musamman masu rukunin da ke wuyar samu irin O negetif. Mai fushi da shugaba zai iya share saƙo, amma da wuya ya ji muryarka kana cewa yaro ne mai sikila a kwance ya ƙi tashi. Sannan ka roƙi yayanku abu ɗaya ƙarami: tunda an riga an kulle zauren, a mai da shi na sanarwa zalla, a ƙara admin biyu ko uku masu raba dare tsakaninsu don kada neman jini ya maƙale a wayar mutum ɗaya da ya yi barci. Hira da muhawara a buɗe musu nasu zauren daban.

Yanzu ga abin da ba za ka so ji ba. Ba ka san ko abokinka ya aikata ba. Ka ji rantsuwarsa ka gaskata saboda ka san shi tun kuna yara, kamar yadda yayanku ya ji kukan matar ya gaskata saboda tausayi. Kowannenku ɓangare ɗaya ya ji. In ka shiga maganar nan da niyyar wanke abokinka, to ka riga ka zama lauyansa, kuma duk gyaran da ka kawo za a ɗauke shi a matsayin dabarar mayar da shi.

Ita kanta tuhumar tana da iyaka da doka ta shata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa wanda ya ba da jini karɓar kuɗi ko wata sakayya a kan jinin, amma ta yarda a mayar masa da abin da ya kashe daidai gwargwado wajen zuwa bayarwa. Ka ga ke nan tsakanin "ya sayar da jini" da "an ba shi kuɗin mota" akwai tambayoyin da ke da amsa. Nawa ne kuɗin? Ya yi daidai da abin da ɗan acaba ko mai napep zai karɓa daga Tudun Wada zuwa Shika da dawowa cikin dare, ko ya ninka haka sau da yawa? Kafin a ɗebi jinin aka yi maganar ko bayan an gama? Shi ya furta, ko mijin ne ya ga dama? Kiran waya biyu ko uku zai iya fito da duk wannan, kuma ba a yi ko ɗaya ba.

Kada kuma ka raina abin da ya tunzura yayanku. Duk mai zirga-zirga a asibitocinmu ya san akwai masu zaman jiran dangin majinyaci su ruɗe don su yi cinikin ledar jini da su, kuma talaka ne kullum ke faɗawa hannunsu. Ƙungiya irin taku ba ta da jarin da ya wuce yardar mutane cewa ku ba haka kuke ba. Ranar da aka fara cewa a Kwarbai ko Gyallesu "ai su ma sai ka ba su wani abu", sunan da ya sha wahalar ginawa ya tafi. Wannan tsoron ne ya kama shi, kuma tsoro ne mai tushe.

Inda aka kuskure shi ne mutum ɗaya ya karɓi ƙara, ya gaskata ta, ya yanke hukunci, ya zartar, ya kuma yi shela, duk a zama guda, cikin dare, cikin ɓacin rai. Ko da gobe ta tabbata abokinka ya sayar da jinin, hakan ba zai gyara hanyar da aka bi ba, domin hanyar da ta kama mai laifi yau ba tare da bincike ba, gobe marar laifi za ta kama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Da zai aika Sayyidina Ali Yaman kuwa, ya ce masa in masu husuma biyu suka zauna gabansa kada ya yanke har sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Ka kuma lura matar nan jiyau ce. Ba ta bakin get lokacin da kuɗin ya shiga aljihu, mijin ne ganau, shi kuma ba a neme shi ba. Ban ce ta yi ƙarya ba. Uwa ce da ɗanta ke kwance, an sayar da abin da aka sayar don a sayi magani, miji ya dawo ya ce "har na ba yaron nan wani abu". Ba wuya wannan ya koma "ya karɓi kuɗinmu" a zuciyarta.

In ka samu sarari wata rana, ka shiga kotun shari'a a nan Zariya ka zauna a bencin baya. Za ka ga bayan an ji mai ƙara da shaidunsa, an ba wanda ake ƙara dama ya soki shaidun, alƙali ba ya faɗa wa hukunci kai tsaye. Sai ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi, a gaban shaidu, ko yana da sauran magana ko wata hujja da bai kawo ba. Wannan shi ne i'izari a fiƙihun Malikiyya, kuma kotunan ɗaukaka ƙara suna rushe hukunci sukutum saboda an tsallake shi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ma abin da ya wajabta wa kotuna ke nan, a saurari mutum kafin a hukunta shi. Ku ba kotu ba ne, amma abin da kuka taɓa mutuncin mutum ne a gaban ɗaruruwan mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a masallaci da kasuwa da wurin ɗaurin aure.

Me ya sa mutanen kirki suke faɗawa wannan? Wani ɓangare na laifin na kayan aikin ne. WhatsApp ya ba admin ikon cire mutum, da kulle zaure, da goge saƙon wani, amma bai tanadi wurin jin bahasi ba. Wanda ya buɗe zaure kuma sauran admin ba sa iya cire shi. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024, yawan da ya kai na wata ƙaramar unguwa, amma cire mutum daga cikinsa bai wuce danna yatsa ba. Da kuna 'yan kaɗan duk kun san juna, hukuncin yaya ya isa, domin ya san halin kowa kuma kowa na iya zuwa ƙofar gidansa. Da kuka yi yawa sai tsarin ya tsaya inda yake. Admin mai gadi ne, makulli yana hannunsa, amma ba mai gadi ke yanke wanda zai zauna a gida ba. Gyaran da kake nema gaba ɗayansa a nan yake: a raba mai riƙe da makulli da mai yanke hukunci.

Ba ku kaɗai kuka taɓa zuwa wannan gaɓa ba. Wikipedia, kundin nan na intanet da 'yan sa-kai ke rubutawa har da Hausa, an fara shi a 2001, kuma a farkon shekarunsa Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, shi ne mai maganar ƙarshe kan wanda za a kora. Da jama'a suka yi yawa, a ƙarshen 2003 ya kafa kwamitin yanke hukunci ya miƙa masa wannan nauyi, daga baya kuma marubutan da kansu suka riƙa zaɓen 'yan kwamitin. Suna da wata ƙa'ida da nake so ku ɗauka yadda take: admin da rigima ta shafe shi ba ya amfani da ikonsa a cikinta, sai ya bar wa wani admin. Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen. Sun taɓa kafa wani kwamitin na sasanci mai matakai da sharuɗɗa, aikinsa ya yi ta ja baya har aka rufe shi a 2018. Ɗan sa-kai da ya dawo aiki a gajiye ba zai bi tsari mai tsawo ba. Abin da za ku rubuta kada ya wuce shafi ɗaya.

Amma kafin rubutu akwai yayanku, kuma a nan nake so ka fi natsuwa, domin in ka ɓata wannan matakin sauran duk ba za su yiwu ba. Kada ka yi masa maganar a zaure, kada ka tura masa dogon saƙo. Ka je gida da ƙafarka, bayan la'asar ko bayan isha, lokacin da ka san ba shi da baƙi. In akwai dattijon da yake jin nauyinsa, limamin unguwarsu ko wani malaminsa, ka fara biyawa ta wurinsa ku tafi tare. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka fara da maganar jinin da aka rasa, domin nan ne ciwonku ya haɗu. Sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, nauyin nan ya yi maka yawa kai kaɗai. Kowace rigima kanka take ƙarewa, kai ake zagi, kai ake kira cikin dare. Ina ganin a samu mutum uku su ɗauke maka wannan, kai ka ji da jagoranci." Wannan ba daɗin baki ba ne, gaskiyar halin da yake ciki ke nan. Sai ka ƙara da abin da zai kwantar masa da hankali: "Maganar wane kuwa, ka san abokina ne, don haka ni ba zan sa baki ba, ba kuma zan zauna a cikin masu dubawa ba. Abin da nake roƙo kawai a saurare shi, a kira mijin. In ya aikata, ni ne farkon wanda zai goyi bayan hukuncinka." Ka tabbata ka shirya cika wannan alkawari kafin ka furta shi.

Kada ka nemi ya fito ya ce ya yi kuskure. Babba ne, a gaban ƙannensa abin ya faru, in ka matsa masa a nan sai ya ƙara kafewa. Abin da yake buƙata hanya ce da zai dawo da mutuncinsa a hannu, kuma addini ya ba shi ita. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya ce kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake nazari ya gano ta, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure. Dattijon da ka tafi da shi ne ya kamata ya kawo wannan, ya fi kyau a bakinsa. Shi kuma yayan ya isa ya rubuta layi biyu a zaure: an samu ƙarin bayani, an ba mutum uku su duba, kowa ya dakata. Maganar butulci kuwa ka cire ta daga ranka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Alherin da ya yi maka ya wajabta maka ladabi da rufa masa asiri, ya kuma wajabta maka faɗa masa gaskiya a keɓe tun kafin abin da ya gina ya rushe.

To, me za a rubuta a shafin? Na farko, ƙorafi a kan mutum ba ya shiga zaure. Lamba ɗaya ake turawa, a keɓe. Wanda ya saka tuhuma a bainar jama'a, a goge saƙon a nuna masa inda zai kai, ko wane ne shi, har shugaba. Mafi yawan ɓarnar da ta same ku daga nan ta fito, domin da zarar mutane sun ji saƙon murya sun ɗauki ɓangare, ba mai iya janye maganarsa cikin sauƙi.

Masu dubawa su zama uku, kada kuma a samu admin a cikinsu. A zaɓe su na shekara guda, a sa mace aƙalla ɗaya, domin da yawa daga masu kawo kuka iyaye mata ne, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa wa maza uku ba. Wanda rigima ta shafi ɗan'uwansa, abokinsa ko abokin gabarsa ya tashi a sa wani. A wannan shari'ar ta yanzu, tunda an riga an rabu biyu kuma ba wanda zai yarda da zaɓen ɗaya ɓangaren, ku ari hikimar aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka ce in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a ɗauko mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Yayanku ya kawo mutum ɗaya, abokinka ya kawo ɗaya, su biyun su amince da na uku.

Aikinsu na farko sulhu ne. Haka muka taso muka gani, rigimar maƙwabta a zauren mai unguwa take farawa, sai ta gagara ake kai ta gaban dagaci, sai ta ƙara gagara ta isa wurin hakimi, kuma mafi yawanta a matakin farko take mutuwa. Rigingimunku da yawa ba su wuce wane ya yi mini gatsali, wane ya ce zai zo bai zo ba. Irin waɗannan kiran waya ɗaya da ban-haƙuri ya ishe su. Sai abin da ya shafi amana, kuɗi ko mutunci ne za a zauna a kansa, ido da ido in zai yiwu, a faɗa wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi da wanda ya faɗa, a ba shi kwana biyu ko uku ya shirya, a kuma rufe da tambayarsa ko yana da sauran magana. Ku yi hattara da hoton saƙo a matsayin hujja. Ana iya yanko tsakiyar hira a bar farkonta, mai saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15 da turawa, ana iya goge shi. In abu ya yi nauyi a buɗe wayar a gaban masu dubawa a karanta hirar daga sama. Ku sa wa'adi, mako ɗaya ko biyu, domin ƙarar da aka bari tana jan ƙafa ita ma hukunci ce a kan wanda ake tuhuma.

Akwai lokacin da dole a ɗauki mataki kafin a gama bincike, kuma a nan yayanku yana da hujja. In ana zargin mutum da karɓar kuɗi, ba laifi a daina tura shi asibiti har a duba. Amma a kira abin da sunansa, dakatarwa ta wucin-gadi, a faɗa masa shi kaɗai, a kuma ƙayyade ranar da za ta ƙare.

Hukunci kuma ya zama hawa-hawa. Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin al'ummomin da ke kula da makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa da kansu, a Suwizalan da Japan da Sifaniya da Filifin. Cikin abubuwan da ta ga waɗanda suka daɗe ba su rushe ba sun yi tarayya a kai, akwai hukunci da ke farawa da sauƙi yana ƙaruwa in an maimaita, da wurin raba gardama na kusa marar tsada, da kuma ba waɗanda doka za ta hau kansu dama su sa hannu a tsara ta. A Balensiya ta Sifaniya har yau manoma na da kotun ruwa da ke zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin, da baki ake komai, a take ake yankewa. Ku naku ya fara da nasiha a keɓe, sai gargaɗi a rubuce, sai dakatarwa ta wata ɗaya ko uku, kora ta zo ƙarshe. Wanda aka kora ma a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara sau ɗaya gaban dattawa biyu ko uku da ba sa cikin zauren, da damar neman dawowa bayan wani lokaci. Shafin kuma kada kai da yaya ku rubuta ku manna. Ku kira taro, a karanta, a yi gyara, a kaɗa ƙuri'a, domin mutum ya fi bin dokar da ya ga an sa hannunsa a ciki.

Abu ɗaya da na tabbata babu shi a wurinku, da yana nan da wannan rigimar ba ta tashi ba, shi ne ƙa'idar kuɗin mota. A al'adarmu mutum ya taso cikin dare ya ceci ɗanka, kunya ba za ta bar ka ka sallame shi hannu banza ba, shi kuma ƙin karɓa a gaban dattijo yana masa nauyi. Ni shawarata a hana karɓar ko sisi daga dangin majinyaci, a rubuta hakan a ƙasan kowace sanarwa don su ma su sani, ƙungiya kuma ta buɗe ɗan asusu daga karo-karon membobi tana biyan kuɗin motar wanda ba shi da hali. Wanda aka cusa wa kuɗi ya kasa mayarwa, ya sanar da ma'aji a ranar, a mayar wa masu shi. Amma ka riƙe wannan: dokar da aka kafa yau ba a hukunta mutum da ita a kan abin da ya yi jiya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum uku 'yan sa-kai. Damfara, ko wani ya yi amfani da lambar matar majinyaci yana damunta, ko barazana, waɗannan na hukuma ne, kada a binne su da sunan sulhu. Ku kuma tuna ɓata suna laifi ne a dokar final kod, wanda aka ɓata kuma yana iya neman diyya a kotu. Rubuta "mai sayar da jini" a kan mutum a gaban ɗaruruwa ba tare da hujja ba yana iya kai marubucin inda bai zata ba. Muryar matar ma da aka saka a zaure, da wuya a ce an nemi izininta. A goge ta.

Abokinka ka je ka same shi shi ma. Ka ce masa ya daina rubuce-rubucen huce haushi, ya daina tura wa mutane nasa saƙon murya, ya rubuta abin da ya faru tun daga kiran da aka yi masa har komawarsa gida, da adadin kuɗin, ba ragi ba ƙari. In ya san kuɗin ya fi na mota, ya faɗa da bakinsa tun kafin mijin ya faɗa, ya mayar, ya nemi afuwa. In kuwa masu dubawa suka wanke shi, to a zauren da aka ɓata shi a nan za a wanke shi, da sunansa, a fili. Mayar da shi shiru ba tare da an ce komai ba bai biya shi ba, domin tuhumar tana nan a kunnen mutane. Ka tuna masa kuma, ka tuna wa yaya, cewa Musulmi bai halatta ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Masu shirin buɗe sabon zaure ka roƙe su mako biyu. Ka nuna musu lissafin: namiji sai bayan wata uku yake sake ba da jini, mace wata huɗu, don haka a kowane lokaci kaso mai yawa na membobinku ba sa cikin waɗanda za a iya kira. In aka raba ragowar gida biyu, mai rukunin da ake nema yana can, sanarwa tana nan, dangin majinyaci kuma ba su san wa za su kira ba.

Zai yiwu ka yi duk wannan yayanku ya ce a'a, zaurensa ne. In haka ta faru, ka sake komawa sau ɗaya da wani dattijon bayan ransa ya ƙara sanyi. In ya dage, ba dole ne ka ci gaba da riƙe muƙamin da za a riƙa zartar da abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba ta hannunka. Ka ajiye sakatarcin cikin ladabi, a keɓe, ka miƙa jerin sunaye cikakke ga wanda ya gaje ka, kada ka kwashe lambobin mutane zuwa wani wuri ba da izininsu ba. Ka ci gaba da gaishe shi, ka ci gaba da zuwa gidansa ranar sallah, ka bar sunanka a cikin masu ba da jini. In waɗancan sun buɗe nasu zauren duk da haka, abin da za ka nema wurin ɓangarorin biyu shi ne yarjejeniya ɗaya: duk sanarwar neman jini da ta shiga ɗaya, a tura ta ɗayan a cikin minti biyar.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba majinyatanmu lafiya. Ka rubuto mini yadda zaman ku da yaya ya kasance.